Ƙarfen da Maigidana Ya Ɓoye a Ƙarƙashin Mota

Ko tsufa ya kwashe duk abin da ke kaina, ba na jin zai iya ɗauke shekarar da maigidana ya sa aka ɓoye masa ƙarfe a ƙarƙashin mota. In na tuna, dariya ce ke fara zuwa mini, daga baya kuma gabana ya faɗi, don saura ƙiris girman kai ya mayar da ni gwauruwa.

Maigidana tsohon hedimasta ne, dattijo kuma a ikkilisiyarmu a Kafanchan. Da ya yi ritaya ya sayi wata baƙar mota 'yar Kwatano, wadda yake gogewa kowace safiya kafin ya wanke fuskarsa. Ba a daɗe ba ya fara fama da ciwon kai da jiri. Likita ta auna shi ta ce hawan jini ne, kuma ya kai inda ba a wasa da shi. Ta rubuta magani, ta raba shi da gishiri da kitsen alade, ta ce dole ya riƙa motsa jiki. Da yake gwiwarsa ba ta son doguwar tafiya, sai ta ce ya riƙa hawa keke.

Keke fa! A wurinmu, mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a kan keke har Allah ya ɗaga shi ya sayi mota, in aka sake ganinsa yana tuƙa feda, fassara ɗaya ce: ya karye. Kafin ya kai bakin kasuwa an gama yi masa jaje. Shi kuma maigidana ya gwammace a ce komai da a ce ya karye, ko a ce yana ciwo. Muna fitowa daga asibiti ya ja mini kunne. "Maman yara, wannan magana tsakanina da ke ce. Ko yaran nan kada su ji." Na ce to. Ai mai hikima ya yi magana, wace ce ni?

Sai ya zauna ya tsara dabara. Ya je har Sabon Tasha ya sayo kekuna biyu, nasa da nawa, don kada mai shagon Kafanchan ya kai labari. Za mu riƙa ɗaukarsu a mota mu wuce Kagoro, mu sami hanyar da ba kowa, mu yi ta zagaye. Matsalar ita ce kekunan sun ƙi shiga but ɗin motar. A waya ya ga yadda Turawa ke sa wani ƙarfe a bayan mota, a zura masa marataya a ɗora kekuna. Amma shi ba ya son ƙarfen da ake gani, domin ranar da dangi suka san motarka na iya ɗaukar kaya, ta zama ta gayya, daga buhunan citta na Kachia sai alade zuwa kasuwa. Don haka ɓoyayye yake so.

Muka je wurin wani mai walda a bayan tashar jirgi. Maigidana ya nuna masa hoton, ya rage murya ya yi bayani. Mutumin ya buga ƙirji. "Oga, kar ka damu. Zan ɓoye shi, ko kai mai motan ba za ka gan shi ba." Kuma wallahi ya cika alkawari, Allah ya yi masa albarka. Ya cire bamba, ya liƙa ƙarfen can ciki a jikin shasi, ya mayar da bamba. Ba a ganin komai. Sai dai kafin ka zura maratayar ka sa mata ƙusa, sai ka kwanta rigingine ka ja jiki ka shige ƙarƙashin mota. Maigidana ya zagaya motar yana murmushi. "Kin gani? Aikin hankali ke nan."

Na gani kuwa. Ran Asabar mukan kulle get, dattijon ikkilisiya ya shimfiɗa buhu ya shige ƙarƙashin mota, ni ina miƙa masa ƙusa. Mu ɗora kekuna mu lulluɓe su da tsohon labule, kamar muna satar kayanmu. In mun isa, ba zai bar maratayar a jiki ba, wai kada mai wucewa ya gane motarsa ya yi tambaya. Sai ya sake kwanciya ya cire, ya jefa a but. In mun gama hawa, ya sake kwanciya ya mayar. Na taɓa ce masa wannan shiga da fita kaɗai ta ishe shi motsa jiki, mu sayar da kekunan. Bai yi dariya ba.

Ranar da abin ya faru, ƙannensa biyu sun zo daga ƙauye sun yi kwanaki a gidanmu. Ashe tun zuwansu bai sha magani ba, don kada su ga yana haɗiyar ƙwaya su tambaya. Ban sani ba. Muka wuce Kagoro kamar kullum, muka hau keke cikin rana, muka dawo yana haki, ya shige ƙarƙashin mota. Ina tsaye da ƙusa a hannu ina jira ya ce in miƙo, na ji shiru. Na kira shi, ya amsa da wata murya da ban san shi da ita ba. Na kama ƙafarsa na ja, ko motsi. A nan ne na san abin da ake ce wa tsoro.

Cikin wannan hali sai ga wata bas ta tsaya, cike da zumuntar mata na ikkilisiyarmu, cikin anko, za su taro a wani ƙauye. Duk hanyoyin da ke ƙasar nan, wannan da muka zaɓa don ba kowa, ita suka biyo. Shugabarsu ta sauko tana tafa hannu. "Wayyo, motan Baba ya mutu! Shi ya sa kuna yawo da keke? Sori fa, Mama. Ku zo mu tura!" Kafin in buɗe baki mata sun jeru sun dafa mota, mijina yana ƙarƙashi.

Na tuna alkawarin da na yi masa, na kuma dubi ƙafafunsa biyu a ƙasa. Ban san lokacin da na kurma ihu ba. "Kada ku tura! Motar lafiyarta ƙalau, mutumin ne ba lafiya! Hawan jini gare shi!" Sirrin da muka yi watanni muna lulluɓewa da labule, na faɗe shi a gaban matan da ko rediyo ba ta fi su saurin kai labari ba. Suka jawo shi ta ƙafa, suka ɗauke shi caɗak suka sa a bas, wasu na addu'a wasu na yi masa fifita da ɗankwali, har asibiti. Likita ta ce da mun ƙara jinkiri, da maganar shanyewar ɓarin jiki muke yi, in ma an yi sa'a.

Da ya farfaɗo, abin da ya fara tambayata shi ne ko sun gani. Na ce a'a, sun rufe ido suka ɗauko ka. Ya juya fuska bango.

Washegari dattawan ikkilisiya suka zo dubiya. Maigidana ya sunkuyar da kai yana jiran jaje. Babbansu ya ɗauki kwalin maganin da ke kan tebur ya juya shi, ya sa hannu a aljihu ya fito da irinsa sak. "Kai ma wannan suka ba ka? Ni na daɗe a kai." Na kusa da shi ya ce nasa fari ne ƙanana. Wani ya ce shi har da suga, matarsa kaɗai ta sani. Kafin a yi addu'ar rufewa, tebur ya cika da kwalaye. Mutanen da ke zama layi ɗaya a gaba kowace Lahadi, kowa ya ɗaure fuska yana ɓoye wa ɗan'uwansa ciwo iri ɗaya! Na tsaya a bakin ƙofa, haushi da tausayi suka cika ni, har hawaye suka zubo mini.

Tun daga ranar maratayar ba ta sake sauka daga motar ba, shi ma bai sake kwanciya a ƙarƙashinta ba. Ni kuwa na koyi darasina. Idona idon ciwo, ba na sake taya kowa ɓoyewa, ko da wanda na yi wa alkawari a gaban fasto ne. Surutun mutane yini biyu ne ya wuce, amma da na rufe bakina ran nan don in rufa masa asiri, da ƙasa ce ta rufe mini shi.