Fuskar da Ta Fito a Bayan Gwaggo

Babanmu mai hoto ne. Shekara talatin da 'yan kai ya yi a shago ɗaya, tsakanin mai sayar da batura da wani tela da ba ya shiri da kowa. Tun ban san kaina ba sana'ar ta cinye masa suna. Mai Hoto kowa yake ce masa, har Mama in ranta ya ɓaci. Yayarsa ce kaɗai, wato Gwaggo, take kiransa Auta, ko da furfura ta gama da kansa. Ni ce babbar 'yarsa, kuma ni ce mai musu da shi a gidan.

Shagon ɗaki biyu ne. A na gaba akwai farin labule, da kujera mai hannu, da kyamara a kan ƙafa uku, da madubi da mataji saboda masu gyara kafin a ɗauka. Na ciki shi ne ɗakin wanki. Ba taga, sai jan ƙwan lantarki guda, da tire uku na ruwan magani, da injin da yake haska fim a kan takarda. Warin maganin nan ya kama jikinsa har ya rasu, Allah ya jiƙansa.

In ba aiki, karatu yake yi, kuma iri ɗaya. Maƙaloli ne a kan abubuwan da aka rasa gane kansu: jirgin ruwan da aka tsinta yana yawo ba kowa a ciki, garin da aka ce an yi ruwan kifi, gidan da ake jin takun mutum a bene alhali a kulle yake. A wajen masu shimfiɗa tsofaffin mujallu a bakin titi yake samo su. Sai ya yanke maƙalar da almakashi, ya manna ta a wani babban littafi mai bangon kwali. Mama takan ce da mutum yana ƙiba da labarin fatalwa, da ƙofar gidanmu ba ta ishe shi ba.

Ba don ya ji tsoro yake karantawa ba. Don ya kama marubucin yake yi. Fensir a bayan kunne, yana bi layi-layi, sai ka ji ya ce, "To, wa ya gani? Shi da wa?" In ya gano bakin zaren, ya rubuta bayaninsa a ƙasan shafin da ƙananan haruffa. In ya kasa, ya bar wurin fari. Na taɓa tsokanarsa na ce ai waɗannan su suka ka da shi. Ya ce a'a, su ne ya fi so, don su kaɗai yake komawa ya sake karantawa.

Amma in aka zo kan hotunan fatalwa, nan fa gidansa ne. Duk mujallar da ta buga wata inuwa tsaye a bayan mutane, kallo ɗaya zai yi mata ya kwashe da dariya. Ya ce takarda ɗaya aka haska sau biyu, shi ke nan. Takardar hoto munafuka ce, in ji shi: ko an haska ta fara fat take zama, ba ta nuna abin da ta haɗiye sai ta shiga magani. Shi ya sa yake da doka. Duk takardar da ya yi gwaji da ita, nan take zai yanke mata kusurwa da almakashi ya jefa ta a kwali, kada ta koma cikin sababbi. Ko ana gobara sai ya yanke kusurwar nan kafin ya fita.

Gwaggo ɗa ɗaya ta haifa, muna ce masa Dogo. Direba ne. Ya samu aiki a wani gari mai nisa, ita kuma ba ta so, suka yi ta ja. Ranar ƙarshe ta ce masa in ya sa ƙafa ya tafi, kada ya sake tako mata ƙofa. Maganar fushi ce irin ta uwa, kowa ya san haka. Ya tafi. Wata bakwai bayan nan ciwo ya kama shi a can, kafin labari ya iso ya cika.

Gwaggon da na sani mace ce mai faɗa da dariya da ƙarfi. Bayan rasuwar sai ta koma zaman tagumi. Abinci sai an yi da gaske. Ba ta ambaton sunansa, amma kowa ya san abin da yake cinta: yaron ya mutu da waccan maganar a kunnensa.

Bayan wata huɗu Baba ya ce in je in ɗauko masa ita, zai ɗauke ta hoto, ko ta ga titi. Ranar ba ni da aji da safe a makarantar da nake koyarwa, sai muka iso da wuri. Yana ɗakin wanki. Na buga ƙofa na ce masa ga Gwaggo ta iso. Na ji ƙarar abubuwa a ciki, ya fito yana goge hannu, yana wasu kame-kame da ban kula da su ba a lokacin.

Ya zaunar da ita a gaban farin labulen ya ɗauka. Ya wanke fim ɗin, muka jira ya bushe. Da zai koma ya fitar da hoton a takarda sai ta ce, "Auta, shekara nawa kana wannan abu ban taɓa gani ba. Bari in shiga." Muka shiga mu uku, ya ja ƙofa, ɗakin ya koma ja.

Ya zaro takarda daga baƙar leda, ya haska, ya tsoma ta a tire yana kaɗawa a hankali. Fuskar Gwaggo ta fara fitowa, idanu tukuna, sannan ɗankwali. Sai ga wani abu yana tasowa a farin da ke bayan kafaɗarta. Goshi ne, da kunne, da wuyan riga. Dishi-dishi ya fito kamar mutum a bayan gilashi mai raɓa, amma ko jariri ya gani ya san Dogo ne. Yana murmushi.

Tsigar jikina ta tashi. Gwaggo ba ta yi ihu ba. Ta dafa gefen tebur ta ce, ƙasa-ƙasa, "Ashe ka zo." Na juya na kalli Baba. Ba mamaki a fuskarsa ko kaɗan. Tsoro na gani.

Bayan kwana biyu ya gaya mini. Da safen nan tsohon fim ɗin Dogo ne a cikin injin, yana gwada girmama shi. Ya haska takarda kenan na buga ƙofa. Ba ya so ta gani, sai ya zare fim ɗin da sauri, ya cusa takardar cikin ledar sababbi, bai yanke kusurwa ba. Ita ce ta sama, ita ya zaro.

"Sai in gaya mata," in ji shi.

Na ce, "Baba, kada ka soma. Jiya ta cinye kwano guda. Ta yi wa mai ɗinki faɗa a kan hannun riga. Me kake nema kuma?"

Ya koma kan aikinsa. Ni na ɗauka na yi nasara, har ina jin daɗin kaina.

Gwaggo ta sa hoton a gilashi ta jingina shi a kan durowa. Ba ta nuna wa maƙwabta ba, ta ce ba abin talla ba ne. Ranar Laraba sai ga ta a shago, ta sha kwalliya, ta ce a sake ɗauka. Ya ɗauka. Suka shiga wanki, ta tsaya a kan tire, ba abin da ya fito sai ita da farin labule. Laraba ta gaba ta dawo da rigar da ta sa ranar farko, ta ce ƙila ita ya gane. Ta uku ta ce a mayar da kujerar daidai inda take. Ta huɗu, da hoton ya fito ba kowa, ta zauna a kan benci ta ce, "Ya tuna abin da na ce masa. Ya sake yin fushi." Daga ranar ta koma ƙin abinci, har ta fi da.

Na samu Baba a shago na rufe shi da faɗa. Na ce mutumin da ya san yadda ake yin abin nan tun kafin a haife ni, minti biyar ya gagare shi? Ya haska takarda sau biyu, ya ba ta ɗanta, kowa ya huta. Ya ce, "In na yi wannan Larabar, ta gaba fa? Har yaushe zan riƙa fito mata da shi?" Na ce har ta warke. Ya ce, "Uwata, ba warkewa za ta yi ba. Zama za ta yi tana jiran Laraba." Na fita raina a ɓace. Na san gaskiya ya faɗa, abin da ya ƙara min haushi kenan.

Duk da haka sai da ya gwada. Ya haɗa guda ɗaya da gangan, ya yi kyau ƙwarai, Dogo ya fito sarai kamar zai yi magana. Ya ajiye shi kwana uku a aljihun tebur. Ran na huɗu da hantsi ya sa shi a ambulan tare da fim ɗin, ya ce in raka shi gidan Gwaggo.

Muka same ta a ɗaki, hoton na kan durowa yana fuskantar gado. Baba ya ƙi kujera, ya zauna a ƙasa kusa da ƙafarta. Ya ce, "Yaya, na zo da magana, kuma ba mai daɗi ba ce." Ya ɗaga fim ɗin a hasken taga ya nuna mata. Ya yi mata bayani dalla-dalla, yadda yake yi wa maƙalolinsa: injin, da takardar gwaji, da bugun ƙofa, da kusurwar da bai yanke ba. Muryarsa ba ta yi rawa ba sai wajen ƙarshe.

Da ya gama ta ce, "Sau nawa ka taɓa yin wannan kuskuren?"

"Ban taɓa ba. Sai ranar."

Ya zaro sabon ya miƙa mata, ya ce wannan ya fi fitowa, in tana so. Ta duba sau ɗaya ta turo masa abinsa.

"Wannan kai ka yi."

"Wancan ma ni na yi, Yaya."

"Wancan ba ka sani ba."

Ya mayar da shi ambulan. Na ɗauka an gama, har na fara gyara mayafi. Sai ta karɓi fim ɗin da kanta ta ɗaga shi a taga, tana ƙanƙance ido.

"Ban san wannan hoton ba. Yaushe ka ɗauke shi?"

Baba ya sunkuyar da kai. A nan na gane akwai abin da ni ma bai gaya mini ba.

"Ranar da zai tafi," in ji shi. "Ya biyo ta shago da jakarsa, zai je tasha. Ya ce in ɗauke shi, in kawo miki in kin huce."

"Na huce kafin sati."

"Na sani. Na ce gobe, na ce jibi, aiki ya yi yawa, fim ɗin ya shige ƙarƙashin wasu. Da labari ya zo sai na kasa. Na ji kunyar in zo miki da shi a lokacin."

Na zuba wa ubana ido. Mutumin da ya cika littafi da laifin marubutan da bai taɓa gani ba, ga shi a ƙasa kamar yaron da ya fasa tulu. Tausayinsa ya kama ni, haushinsa ma haka.

"Shekara guda ka riƙe min saƙo, Auta," in ji Gwaggo. "Ina nan ina ƙonewa, kana da shi a shago."

"Na yi laifi."

"Ka yi. Ba yau zan yafe maka ba, kada ma ka roƙa." Ta ajiye fim ɗin a cinyarta, ta rufe shi da tafin hannu. "Me ya ce? Ba naka bayanin nake so ba. Yadda ya faɗa da bakinsa."

Baba ya gyara murya. "Ya ce, 'Kawu, ɗauke ni da kyau. In Inna ta huce ka kai mata, ka ce na san ba har zuci ta faɗa ba.'"

Gwaggo ta rufe ido. Hawaye suka zubo, ba ta share ba.

"Sake faɗa," ta ce.

Ya sake faɗa.