Igiyar Guga da Robar Waifa

Duk ranar da na dawo daga aiki kafaɗata ta dama tana zugi, nakan zauna a bakin ƙofa in kasa ko cire takalmi, sai Inna Dije ta faɗo mini a rai. Kakata ce ta wajen uba, a gabanta muka tashi a Garo. Yanzu a Gwarzo nake, sana'ata goge gilashi: shagunan magani, ofisoshi, da gidajen alhazan da suka yi bene suka zuba masa tagogi kamar ba mutum ne zai wanke su ba. Furfura a kan tsani ta same ni. Bana kuwa hawan ya fara fin ƙarfina, ga shi aikin benen ne ke riƙe da gidana.

Inna ba ta ba da tatsuniya kyauta. Lokacin kaka, da an idar da isha'i, sai ta tura kara cikin murhu, ta turo mana kwandon wake ta ce hannu na ɓara, kunne na ji. Ni take fara tsokana.

"Maigida, ka zo da cefane, ko yau ma da cikinka kaɗai ka zo?"

Daga nan sai ta ce ta sake ni, ta gyara zama. "To ku matso, ga ta nan ta taso. Wanda ya yi gyangyaɗi ba zan koma masa baya ba."

Wadda ta fi zama a kaina ita ce ta Tanko mai rijiya. Wai rijiyarsa ta fi ta kowa daɗin ruwa, igiyar gugansa kuma ta rama ce, shi ya tufka ta da hannunsa, yana ji da ita. Ran da ta fara tsinkewa ya sa ƙugiya ya ciro gugan, ya yanke inda ta ci, ya ƙulla. Ta sake tsinkewa, ya sake ƙullawa. Matarsa ta ce ya tufka sabuwa, ya ce wannan ai ba ta mutu ba. Bai lura kowane ƙulli da ɗan tsawon da yake ci ba. Da a tsaye yake jan ruwa, sai ya koma sunkuyo, daga nan durƙuso, har ta kai yana kwanciya rub da ciki yana miƙa hannu. Wata safiya guga ya hau a bushe. Tanko ya ce shi ke nan, rijiya ta ƙafe, ya kwashe iyalinsa ya bar garin. Bayan tafiyarsa wani baƙo ya sauka a kangon da doguwar igiya, ya zura, ya sha, ya ba jakinsa.

Na ce, "Inna, shi bai leƙa ba?"

"Ya leƙa mana. Wanda ya riga ya yanke wa rijiya hukunci, ko ruwa ya gani cewa zai yi duhu ne. Ɓare wakenka, baki ya fi hannu sauri."

A lokacin dariya kawai muke yi wa Tanko. Sai da na kama wannan sana'a na ga 'yan uwansa da yawa, wani lokacin har a madubin da nake gogewa. Abin aikinmu waifa muke ce masa, ƙarfe ne mai mariƙi da siririyar roba a bakinsa, ita ke share ruwan sabulu daga gilashi. Sabuwar roba kaifi gare ta, ja ɗaya take kwashe komai, ba ta ko kuka. Amma rana na busar da ita, gilashin sabon gini mai ɗigon siminti kuma cinye ta yake. Alamar gajiyarta ba ta ɓuya. Za ta fara barin siririn zane a bayanta, tana ƙiiƙii, tana tsalle a kan gilashi. In ka bi bakinta da yatsa ka ji ya zama mulmul ko ya tsage, sai ka zare ta ka juya ɗaya bakin. In shi ma ya mutu, jefar da ita ake yi. Mai ƙyashin canjawa shi ke zagin sabulu, ya zagi ruwan rijiyar gidan, ya ce gilashin ne na banza, yana ta dannawa da ƙarfi har kafaɗarsa ta biya bashin robar.

Saboda haka da wani Alhaji mai bene a hanyar Kano, wanda na daɗe ina yi wa aiki, ya aiko a kira ni kan tagogin sama, ban ji komai ba. Muka gaisa, ya tambayi iyali da gajiya, sannan ya nuna sama.

"Malam Sule, ba ƙorafi nake ba. Amma in hantsi ya bugi waɗancan, sai ka ga kamar kaza ta yi tono."

"Robar ce, Alhaji. Yau za a gyara in Allah ya so."

Na sa sabuwa fil da aka kawo mini daga Kano, na gwada a tagar ƙasa, ta fita tas. Na hau tsani na yi na sama, na sauko na ja da baya na duba. Zanen na nan, daga inda hannuna ke wuce kaina zuwa ƙarshen gilashin. Na sake hawa. A wannan karon na bar kallon gilashi na kalli hannuna, na ga yana rawa tun kafin ya kai, waifan na ɗagawa yana sauka. Na daɗe a kan tsanin nan ban ja ba, ban sauko ba. Gaskiya na ji tsoro, kuma na ji kunya, ko da yake ba wanda ke kallona.

Shekara da shekaru na ɗauka abin da Inna ke nufi shi ne kada ka zargi rijiya, ka canja igiya. Hakan ne, amma ba ta gaya mana abin yi ba in hannun mai jan ne ya gaza, tunda shi ba a tufka sabo. Sai daga baya na tuna ita kanta a waɗancan shekarun ta riga ta daina zuwa rijiya. Ba ta jira guga ya ja ta ciki ba, ba ta kuma taɓa cewa ruwan ne ya yi nisa ba. Ta ce ta gaji, ta zauna.

Na samu Alhaji a zaure na ce, "Ba robar ba ce, ni ne. A nemo mai jini a jika ya yi na sama, ni in riƙe na ƙasa in an yarda."

Ya ce Allah ya ƙara lafiya. Na bar tsanin a gidansa don wanda zai zo. Na kamo hanya da bokiti kaɗai, ina tunanin yadda zan gaya wa mai ɗakina. Kafaɗar da ta saba ɗaukar tsani ba komai a kanta, amma zugin bai ragu ba.