Buzuzun Penbuwi

A unguwarmu ta masassaƙan dutse a birnin Waset na bakin kogi, kowa na sassaƙa buzuzu, amma na Penbuwi daban yake. Ni na yi shekara talatin ina hura masa wutar gasa dutse, na sani. In ya gama ƙafafun, sai ka ji kamar ka rufe shi da tafi kada ya gudu.

Akwai guda ɗaya da bai taɓa sayarwa ba, na koren dutse, girman tafin jariri. Nasa ne na ƙirji, wanda ake ɗora wa mamaci don ya roƙi zuciya kada ta ba da shaida a kan mai ita ranar awon zukata a lahira. Shekara shida yana aikinsa, ya rubuta sunansa a cikinsa tun idonsa na gani.

Sai maƙwabcinsa Sennu mai giya ya mutu. Duk Waset an san yana ƙara wa tulunsa ruwan kogi. Penbuwi kan ce masa, "Kai, yau ma na tsinci kifi a ƙoƙona." Shi kuma ya ce ai kyauta ce, kada ya saba.

Saura kwana tara masu naɗe gawa su cika kwana saba'in da ake yi kafin binnewa, 'yar Sennu ta zo ta durƙusa, ta ce ba su da abin sa wa Baba a ƙirji. Lokacin tsufa ya sa hannun Penbuwi ya fara rawa, ba zai iya sassaƙa sabo ba, ko nasa ko na wani. Ya shiga ɗaki ya fito da koren.

Matarsa Tahenut ta tare ƙofa, ta tambaye shi da me shi zai tafi, ta ce Sennu da hannunsa ya zuba ruwan nan.

"Shi ya sa," in ji Penbuwi. "Zuciyarsa na da labari da yawa. Tawa, bari ta faɗi abin da ta gani."

Kwana huɗu yana kankare sunansa. Ni na riƙe masa dutsen ya rubuta na Sennu, a karkace, amma yana karantuwa.

Bayan ambaliyar kogi biyu, wato shekara biyu, Penbuwi ma ya tafi, ƙirjinsa ba komai sai likkafanin lilin. Ina cikin mutum huɗun da suka ɗauke shi zuwa jirgin ƙetare kogi zuwa maƙabarta. Ban san abin da ma'auni ya nuna can ba. A kafaɗata dai bai yi nauyi ba.