Jan Farce a Gindin Kwano

Bazarar da jan-bakina suka narke, ina koyarwa a wata lakol ta Magariya, ina zaune a ɗaki ɗaya mai rufin kwano. Kayan kwalliyata suna cikin wata tsohuwar kwalla a ƙarƙashin gado. Ba da gangan na tara su ba. Wannan na saya ranar kasuwa, wancan tsarabar ƙawa ce daga Kano, wani kuma rabon biki ne da ko amaryar ban tuna ba. In zan fita da safe sai na zura hannu har gwiwa ina lalube, in nemi gazar in samo soson hoda.

Wata Asabar yayata ta iso daga Bande a kan kabu-kabu. Matar ƙanenmu ta kusa haihuwa, shi ne Yaya ta zo sayayyar suna. Da ta yi wanka ta nemi kwalli, na janyo mata kwallar. Tana ɗaga murfi ta ja baya. Jan-baki sun narke sun bi hodar da ta fashe, sun cakuɗe da man leɓe, ga wani gashin ido na kanti a tsakiya kamar mataccen ƙwaro.

"Madam," in ji ta, don haka take kirana in tana son tsokana, "wannan kayan kwalliya ne ko miyar taushe?"

Na ce zan gyara in an yi babban hutu.

"Yau ne hutun. Ɗauko mini faifai uku."

Ta shimfiɗa tabarma a inuwar dalbejiya ta juye kwallar. Faifai ɗaya na ajiya, ɗaya na kyauta, ɗaya na juji. Duk abin da ta ɗauka sai ta shinshina, ta dube ni, ta ce, "Yaushe rabonki da shi?" In na fara da "ai", kafin in ƙarasa ya tafi juji.

Mun fi daɗewa a kan wata hoda mai haske. Na ce mai tsada ce.

"Na tuna ta. Ranar da kika shafa, kin fito kamar wadda ta faɗa buhun garin rogo. Har Inna ta tambaya ko ba ki da lafiya."

Sai jan farce. Kwalabe ne jere, ja, ruwan hoda, shuɗi, har da mai ƙyalƙyali.

"Ke da ba kya shafawa saboda alwala, me kike yi da su?"

"Yaya, kallo nake yi. Launin ne yake mini kyau."

Ta yi dariya har ta riƙe ciki, amma ba ta bar mini ko ɗaya ba. Na ɓoye shuɗin a ƙarƙashin cinyata, ta miƙo hannu ba tare da ta kalle ni ba, na ba ta.

Abin da ya tsira ya shige wani ƙaramin gwangwanin alawa: tandun kwalli, gazar, hoda mai kama da fatata, jan-baki biyu da zafi bai taɓa ba. Muka wanke kwallar da omo muka kife. Na ce a bar mini faifan juji in zubar da kaina.

"In bar miki? Kafin in kai tasha kin tsince su kaf."

Gaskiya ta faɗa, shi ya sa ban musa ba. Ta ƙulle na kyauta da na juji a leda guda ta tafi da su. Kwanakin farko na yi ta jin ɗakin kamar an yi mini sata. Daga baya na lura har shayi nake samun sha kafin in tafi lakol.

Da aka haihu na je Bande suna. Tun daga ƙofar gida na ga wani abu da na sani. Kwanukan da ake rabon tuwo da su, kowanne da ɗigon ja a gindi. Na juya ɗaya, na shinshina. Jan farcena ne. Kakarmu tana zaune kan turmi tana lura da shige da ficen kwanuka, na nufe ta.

"Kaka, wa ya ba ki wannan?"

"Ja'ira, ashe ke ce mai fentin! Allah ya yi miki albarka. Bana ba mai tafiya da kwanona ta ce nata ne. Ja nawa, ruwan hoda na uwarki."

"Shuɗin fa?"

Ta nuna bakin rumbu da haɓa. Kajinta suna kiwo, kowace da shuɗin zobe a ƙafa. Mai ƙyalƙyalin kuwa zakara aka shafa wa, wai shi ne mai gida.

Na samu Yaya a madafa na ce, "Ashe nan ne jujin?"

"Na yi niyyar zubarwa. Ina kwance ledar aka yanyame ni. Ki je zaure ki gaida Kawu, sannan ki dawo mu yi magana."

Kawu ƙanen Inna ne, tun ina yarinya gashin bakinsa fari fat. Ran nan na tarar da gashin baƙi wuluk, yana sheƙi, Kawu yana ta shafa shi da yatsa yana amsa barka. Na durƙusa na gaishe shi, idona a ƙasa, don in na ɗago ba zan iya riƙe dariya ba. Maskarata ta gashin ido ce ya shafa.

Da aka kira azahar ya yi alwala a tsakar gida. Baƙin ya biyo ruwa ya gangaro haɓa, ya ɗiga a wuyan farar rigarsa. Kaka ta leƙo ta dube shi sosai ta ce, "Kai kuma tsufan ne ya dawo tun kafin la'asar?" Matan gida suka ruga ɗaki suna toshe baki da mayafi. Shi ma ya dara, ya ce a ba shi tsumma.

Da yamma shi ya raka ni bakin hanya. Muna tsaye muna jiran kabu-kabu, ya yi gyaran murya, ya waiga bai ga kowa ba.

"Ɗiyata, wannan abin naku, babu irin wanda ruwa ba ya wankewa?"

Na ce akwai na gashi, na maza, a kasuwar Magariya.

"To. In kin samo, kar ki ba yayarki. Ki sa cikin ledar goro ki aiko."

Haka na yi a kasuwar da ta biyo baya.