Ranar da Goggo ta Fito da Ƙorenta

Aikina allurar dabbobi ne, kuma na daɗe ina yin sa tsakanin Kankiya da Kusada, har shanun da na yi wa allura suna maruƙa na zo na yi wa jikokinsu. Ni ba mai tsoron ƙaho ba ne. An shure ni, an tunkuye ni, wani bijimi ya taɓa zaunar da ni cikin kashin shanu a gaban matan ruga, suka yi dariya har da riƙe ciki. Abin da ya so ya hana ni aikina da gaske ba shi da ƙaho ko kofato. Ta sama yake wucewa.

Rigakafin ciwon huhu yana da nasa hali. A kwalba yake zuwa cikin ƙanƙara, kwalba ɗaya ta shanu masu yawa, kuma da zarar an haɗa shi da ruwansa ba ya jiran kowa. In rana ta take bai ƙare ba, sai zubarwa. Shi ya sa ba a bin ruga-ruga da shi. Tun da can rana ake sawa, makiyaya su koro shanu fili ɗaya da sassafe, samari su kama, ni in bi da sirinji.

A shekarun nan da tsaro ya taɓarɓare yamma da mu, sai jirgin nan mara matuƙi ya fara ratsa samanmu. Sau da yawa ba a ganin sa, ƙuginsa kawai ake ji, siriri, kamar injin niƙa a ƙauyen gaba. Yawancin mutane sun ce na hukuma ne, ɓarayin daji yake nema. Wasu sun ce ɓarayin ma sun fara sayen ƙanana. Ba wanda ya taɓa faɗo mana da komai, amma kowa yana da rediyo, kowa ya ji abin da irinsa ke yi a wuraren da ake yaƙi.

A wata bazara ciwon huhu ya ɓulla a rugagen da ba su da nisa da mu. Na ɗauki babur na nufi wajen wani dattijo da ke zaune bayan garin Kaikai, wanda duk yankin ke kira Baffa, domin in ya ce a taru, ana taruwa. Na same shi yana tufkar igiya. Na kawo maganar sa rana, ya bar ni na gama tsaf.

"Likita," ya ce, "ka taɓa tunanin mi abin nan ka gani daga sama? Shanu tuli wuri guda, babura, ga maza kowa da sanda bisa kahwaɗa. Kai da ka san mu ka ce rigakahi ne. Shi da bai san mu ba, mi zai ce?"

Raina ya ɓaci, don gaskiya ya faɗa. Shanun sata ma haka ake tara su, sanda a kafaɗa kuma daga nesa ba ta da maraba da bindiga. Na ce masa ciwon huhu ba ya tambayar wanda ke sama, in ya shigo garke sai ya kwashe rabi. Ya ce ya sani, ya riga ni sanin wannan. Daga ƙarshe ya yarda, amma da sharaɗi: a yi a ƙarƙashin itatuwan bakin rafi, a tura babura cikin duhuwa a rufe su da kara, mata da yara kuma kowa ya zauna gida. Na ga kamar dabara ce mai kyau, na tafi ina jin daɗi.

Ina da ƙane soja, yana can gabas. Aikinsa zaman gadin sama ne a gaban na'urar hango jirage, wadda suke kira rada. Da yamma na kira shi, don in yi masa alfahari da dabararmu. Na zayyana masa komai.

"Yaya," ya ce, "wa ya ba ku wannan shawara? Abin da ɓarayin ke yi ke nan sak. Su ne ke ɓoye babura a gindin itace su rufe da ganye."

Na ce to shi da yake da na'ura, ya duba mana sama a ranar, in abin ya taso ya bugo mini waya. Ya yi dariya, ya ce tasa na'urar ba ta hango Kusada daga inda yake, ko tana hangowa ma ba zai faɗa mini ba. Sannan ya yi mini bayanin da ban taɓa tambayar sa ba. Na'urar tana watsa wani abu ne cikin iska, in ya bugi wani abu ya dawo, sai ɗigo ya fito a allo. Babban jirgi ba ya ba su wahala. Ƙananan nan na roba su ne fitina, suna tafiya ƙasa-ƙasa, a hankali, girmansu bai wuce na tsuntsu ba. Lokacin zuwan shamuwa allon cika yake da ɗigo, sai mutum ya zuba ido ya ga wanne ke kaɗawa yana karkata irin na mai rai, wanne ke miƙe hanya ko ya tsaya cak wuri ɗaya. Ya ce da can soja gabansa yake duba, yanzu wuya ya gaji da kallon sama, ko abinci ba sa taruwa su ci wuri ɗaya.

"Ni ina ƙasa ina ganin ɗigo a sama, ban san ko mene ne ba," ya ce. "Mai riƙe da jirgin nan kuma yana ganin ɗigo a ƙasa, bai san ko su wane ne ba. Ku taimake shi. Ku sanar da hukuma, ku fito fili, a ga mata, a ga yara. In ya zo kada kowa ya gudu."

A muryarsa na ji cewa shi ma tsoron abin yake yi, kuma hakan ya dame ni fiye da maganar shanun. Yaron da na goya ne.

Na sanar da mai gari da jami'an tsaro, suka ce sun ji. Ko saƙon ya kai ga mai riƙe da jirgin, wannan ban sani ba har yau. Na koma wajen Baffa na kwance duk abin da muka ƙulla. Ya daɗe yana jan gemu, sai ya ce mata dai ba zai tilasta su ba. Matarsa, wadda nake kira Goggo, tana bayanmu tana burga nono, tana jin mu. Ita dama tsakanina da ita tsiya ce, kullum sai ta ce hannuna nauyi gare shi, shanunta sukan kwana suna kuka da ni.

Ranar da aka sa, na iso filin da kulata ta ƙanƙara, na tarar da abin da ban shirya ba. Goggo ta kwashe jerenta kaf ta fito da shi. Duk wanda ya san ruga ya san ƙoren jere ba na aiki ba ne. Su ne darajar mace, masu zane, an goge su fari tas, suna zaune a ƙuryar bukka, ba sa ganin rana sai suna ko biki. Ga su nan a tsakiyar fili an kife su layi-layi a kan tabarmi, manya da ƙanana, da faya-fayansu da ludaya. Sauran matan da suka ga haka, su ma suka koma suka ɗauko nasu. Na ce, "Goggo, auren wa ake yi ba a gayyace ni ba?"

"Kai dai yi allurarka," ta ce. "Ka taɓa jin ɓarawon shanu na yawo da jere?"

Baffa ya sa kowane namiji ya ajiye sandarsa a ƙasa. Babura aka jera su a rana. Na haɗa kwalbar farko muka fara.

Mun kai wajen rabi, na riga na haɗa wata kwalbar, sai ƙugin ya taso daga yamma. Shanu ba su damu ba, mutane ne suka daskare. Saurayin da ke riƙe mini ƙaho ya saki, idonsa yana kan itatuwan rafi. Da mutum ɗaya ya ruga, da duka an watse, da maganin ya lalace a hannuna, kuma na san ba za a sake taruwa ba a wannan shekara. Ni kaina sai da na auna nisan rafin da ido. Ban ga laifin kowa ba.

Goggo ta tashi ta shiga tsakiyar ƙorenta, ta zauna, ta jawo ƙwarya ta fara dama fura. Ko sama ba ta kalla ba. Ta kira wata jikarta ta miƙo mata ludayi, ta yi mata faɗa a kan ba ta wanke shi da kyau ba. Baffa ya zo da kansa ya kama ƙahon da aka saki, ya ce, "Ci gaba, Likita." Na soka allurar, saniyar ta shure ni a ƙauri, kuma ban taɓa jin daɗin shuri kamar na ranar ba.

Ƙugin ya daɗe a kanmu, ya yi nisa, ya dawo, sannan ya tafi. Muka gama kafin rana ta take. Ɓarna ɗaya aka yi: wata karsana ta ƙwace ta bi ta kan tabarma, ta taka babbar ƙwaryar Goggo, wadda ta gada wajen mahaifiyarta. Gyartai ya ɗinke ta daga baya, amma ba ta ƙara riƙe nono ba.

Da damina ta kama, ciwon ya shiga rugagen da suka ƙi zuwa, ya yi musu mummunar ɓarna. Garken Baffa da na waɗanda suka taru ya tsira. Duk lokacin da na je, Goggo tambaya ɗaya take yi mini: na tambayi ƙanen nawa, masu jirgin sun ga ƙoren? Na yi ta kaucewa, har dai na tambaye shi. Ya ce idon jirgin yana iya gani, in an matso da hoton. Abin da ba zai iya ce mini ba shi ne ko wanda ke gaban allon ya san mene ne jere. In ɗan birni ne da bai taɓa shiga ruga ba, fararen ɗigo kawai zai gani.

Na so in gyara maganar kafin in kai mata, amma Goggo ba a yi mata kwana-kwana. Na faɗa mata yadda ya faɗa. Ta jawo ƙwaryar nan mai ɗinki, ta bi zaren da yatsa tun daga baki har gindi.

"To ka ce mashi, in ya san yaron da ka gaban allon, shi turo mani shi," ta ce. "Shi kwana biyu nan, shi sha nono, in nuna mashi."

Ta mayar da ƙwaryar, amma ba ƙuryar bukka ba. Tun daga ranar jeren nata a bakin ƙofa yake zama, inda hannu zai kai gare shi da sauri in an ji ƙugi.