Allon da Bai San Kara Ba

Ni dai niyyata ta alheri ce, Allah shaida. A fadarmu ta bakin titin Malbaza, inda muke dafa shayi muna buga wasan katin nan na belot, ba mu taɓa gama wasa lafiya ba. Kowa da irin ƙidayarsa, kowa ya rantse shi ya ci, daga nan sai a tashi da kokawa, buta ta kife a garwashi. A hutun shekarar da nake aji uku na kolej na ce ni zan kawo ƙarshen wannan fitina.

Na samo guntun katako a bayan shagon kafinta. Kwana huɗu ina gasa ƙusa a wuta ina huda ramuka, layi biyu, kowane layi hamsin, har Inna ta ce gidan ya koma warin maƙera. Kowane ɓangare yana da ƙusa ɗaya, in kun ci maki sai ku matsa ƙusarku gaba. Da na tsaya a nan, da yau ba ni da labari. Amma raina ya ce allo ba ya burgewa sai in shi da kansa zai faɗi wanda ya ci. Sai na ɗauko tarkon ɓeran da ke ɗakin hatsin Inna, na kwance ƙararrawar keken yayana, na haɗa da cokalin shayi da jan ƙyalle. Ramin ƙarshe na kowane layi na huda shi har ƙasa, na sa waya a ƙarƙashinsa da ta tafi har harshen tarkon. Ƙusa na shiga ramin sai ta danna wayar, tarko ya fyaɗo, ya doki ƙararrawa, cokali ya miƙe tsaye da ƙyallensa kamar tuta.

Gwajin farko babban yatsana ya kama. A na biyu ƙusar ce ta tashi sama, har yau ba a gan ta ba, ko da yake wani ya ce an tsinci irinta a kasuwar Ƙonni. A na uku ya yi ƙara mai daɗi, ƴan fada suka ɗaga ni sama suna kirana injiniya. Kwana biyu na yi ina tafiya kamar ni na gina kamfanin siminti.

A rana ta uku ƙararrawar ta kaɗa daidai lokacin da Ajidan yake wucewa.

Ajidan tsohon soja ne, shi ne mai gidan da muke ciki, shi ne kuma ya yi wa Baba magana har ya samu aiki a kamfanin siminti. Dogo ne, sai ya sunkuya yake shiga zaure. Gashin bakinsa kaɗai ya isa a share tsakar gida da shi. Ban taɓa ganin ya bugi kowa ba, kuma wannan ne abin da ya fi ba mu tsoro, domin mun tabbata tarawa yake yi. In ya yi gyaran murya a farkon layi, karnukan ƙarshen layi shiga gida suke. Ya tsaya a kanmu, inuwarsa ta rufe fadar duka. Abokaina, waɗanda shekaranjiya suka ɗaga ni sama, sai na ga kowa ya tuna an aike shi.

"Mi ne ne wanga?"

"Allo ne, ranka ya daɗe. Na ƙidaya."

"Wa ya yi shi?"

Na waiwaya ko zan samu wanda zan nuna. Babu kowa sai buta.

Ya sa na ɗana tarkon, ya ɗauki ƙusa da yatsunsa masu kama da rogo ya danna. Ƙararrawa ta kaɗa, cokali ya miƙe. Fuskarsa ko motsi. Ya ce, "Gobe bayan la'asar ka kawo shi gindin bedi." Ya wuce abinsa.

A gindin bedin ƙofar gidansa ne manya suke buga nasu belot ɗin kullum, ba na kuɗi ba, na hira kawai: Ajidan da wani direban motar siminti a gefe guda, Baba da telan unguwa a ɗaya gefen. Na ɗauka Baba zai yi alfahari da ni. Da na faɗa masa a tsakar gida yana wanke ƙurar siminti daga kansa, sai ya tsaya da kumfa a kunne yana kallona.

"Ka san shekara nawa muna wasan nan?"

"A'a, Baba."

"Bakwai. Ka taɓa jin an ce Ajidan ya faɗi?"

Sai ya bayyana mini. Da tsakuwa suke ƙidaya, a gwangwani biyu, kuma tela ne mai zubawa. Duk ranar da wasa ya juya wa Ajidan baya, hannun tela yakan yi kuskure, tsakuwa biyu ko uku su faɗa gwangwanin da ba nasu ba. Kowa ya gani, kowa ya kalli sama. Ba wanda ya taɓa shirya haka da baki. Dattijo ne, gindin bedinsa ne, shayinsa ake sha, sai aka yi masa kara.

"To kai ka je ka ƙera abin da bai san kara ba," in ji Baba, "har da ƙararrawa don mutanen Badaguishiri su ji. Saurara da kyau. In abin nan ya kunyata dattijon nan a gaban mutane, ka gama kolej. Bazaga za ka, ƙauye wurin kawunka, ka ƙera wa awaki allo."

Ba yau ya fara ambaton Bazaga ba. Tun ranar da na ɗaura wa bunsurun maƙwabta tabarau yake cewa saura laifi ɗaya. Amma ranar nan bai ɗaga murya ba, kuma Baba in bai ɗaga murya ba, to ya riga ya yanke. Na san gidan kawu. Zakara ma a can sai an tashe shi, don kawu yana riga shi tashi. Na hango kaina a kan amalanken jaki, littattafaina a buhu, ƴan ajinmu suna ɗaga mini hannu.

Da safe na yi tunanin in ce akuya ta cinye allon, ko in jefa shi a rijiya. Amma wanda zai je ya faɗa wa Ajidan haka, ni ne. Sai dabara ta zo mini, irin dabarar da kan zo wa mutum in tsoro ya cinye rabin hankalinsa. Na ci dabino guda, na fere ƙwallon, na cusa shi ta ƙasa a ramin ƙarshe na layin hagu. Ƙusa za ta shiga kaɗan ta tsaya, ba za ta taɓa waya ba. Layin hagu zan juya wa su Baba. Ko sun kai ƙarshe shiru za a ji, ni in ce inji ya lalace, tela kuma ya san sauran aikin. Ban faɗa wa kowa ba. Har na ɗan ji daɗin kaina.

Bayan la'asar na ajiye allon a tsakiyar tabarma yadda na tsara, na ɗana tarko, na koma gefe na durƙusa. Ajidan ya ɗauki allon ya jujjuya, ya leƙa ƙarƙashinsa, ya shinshina. Zuciyata tana bugawa har ina tsoron ita ma za ta kaɗa ƙararrawar. Bai ga komai ba. Amma da zai ajiye, sai ya juya shi, hagu ya koma dama.

"Soja ba ya zama inda aka shimfiɗa mishi," ya ce. "Tela, aje gwangwanayenka. Yau kowa da hannunsa zai matsa ƙusa, ido na gani."

Yanzu layin da ke aiki na su Baba ne, toshasshen kuma na Ajidan. In Baba ya ci, ƙararrawa za ta tona. In Ajidan ya ci, ƙararrawa za ta ƙi shi. Duk ta inda na duba, Bazaga nake gani.

Aka raba kati. Ban taɓa ganin mutum yana neman faɗuwa da gaske irin Baba a ranar ba, kuma ban taɓa ganin kati ya ƙaunaci mutum haka ba. Duk abin da ya jefa sai ya ci. Tela ya yi ƙoƙari, ya zubar da babban kati inda bai kamata ba, sai Ajidan ya ɗaga ido.

"Ɗauke shi. Na san abin da ke hannunka. In ka sake, kai da keken ɗinkinka ku nemi wata inuwa."

Tela ya ɗauke. Direba kuwa ya duƙufa kan katinsa kamar mai karatun wasiƙa. Ƙusar su Baba tana tafiya, rami bayan rami, ni kuma ina karanto duk addu'ar da na sani, har da ta shiga kasuwa. Na roƙi ruwan sama, na roƙi guguwa, na roƙi ko maciji ne ya faɗo daga bedin. Ko ganye bai faɗo ba.

Aka zo zagayen da ya kai su ƙarshe. Baba ya ɗauki ƙusar ya riƙe ta a saman ramin, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ina ga kamar an yi kuskure a baya, ko a sake..."

"Sa ta."

Ya sa. Wallahi tun da na ƙera abin nan bai taɓa ƙara irin ta ranar ba. Kaji suka watse, wata yarinya mai tallan gyaɗa ta tsaya da baki buɗe. Cokalin ya miƙe daidai hancin Ajidan, jan ƙyallen yana kaɗawa kamar mai gwalo. Wata motar siminti ta wuce a titi, na ji ina ma a ce ina ƙarƙashin buhunanta. Baba bai kalle ni ba, kuma wannan ya fi kallo muni.

Ajidan ya daɗe yana duban cokalin. Sannan ya ce, "Ɗana shi. A sake rabawa."

Na ɗana. Wasa na biyu Ajidan ya zauna sosai, ya daina shan shayi, yana buga kati a tabarma kamar mai kashe kunama. Sai na ga ashe tsohon ya iya wasa. Shi da direba suka wuce su Baba tun tsakiyar layi, babu taimakon kowa. Tela har ya fara murmushi. Ni kaɗai na san abin da ke jira a ramin ƙarshe.

Ajidan ya ɗaga ƙusarsa yadda kowa zai gani, ya gyara gashin baki, ya danna. Shiru. Ya ƙara dannawa har katakon ya yi ƙara. Shiru. Na buɗe baki in ce inji ya lalace, amma ya riga ni. Ya zaro ƴar wuƙa daga aljihu, ya kifa allon, ya ƙwaƙulo ƙwallon dabinon, ya ɗora a tafin hannunsa. Har da alamar haƙorana a jiki.

"Zo nan, injiniya."

Na matso da gwiwa.

"Layin ga, wa ka shirya ma shi tun farko?"

"Su Baba, ranka ya daɗe."

"Don mi?"

"Don kada ta kaɗa musu."

Na rufe ido ina jiran marin da ya shekara bakwai yana tarawa. Bai zo ba. Da na buɗe, tela yake kallo.

"Shekara nawa na yi ina ƙirga mutane kowace safiya a bariki, ko guda bai taɓa ɓace mini ba. Kuna tsammani tsakuwa ce ban iya ƙirgawa? Na yi shiru ne don ban san yadda zan ce ku bari ba, kun riga kun saba." Ya juyo gare ni. "Jiya na ce to, ga abu ɗaya a unguwar ga da ba ya yi mini ƙarya. Ashe kai ma tela ne."

Wannan maganar ta fi mari zafi, ko da yake in za a ba ni zaɓi, har gobe ita zan ɗauka.

Baba ya yi gyaran murya. "A yi haƙuri, ranka ya daɗe. Gobe-goben nan zan tura shi Bazaga."

"Ka tura shi ina? Wa zai ɗana mini tarkon? Kai? Da yatsun nan naka masu rawa?" Ya jefa ƙwallon dabinon a aljihun gaban rigarsa. "Ba inda za shi. Kullum bayan la'asar ina son ganin shi nan. Ɗana, ban ji tawa ba."

Na ɗana, ya danna, ta kaɗa. Ya sa na sake har sau uku, kuma a na ukun tarkon ya kama mini yatsan nan dai na farko. Ban yi kuka ba sai da na shiga gida.

Haka na ƙare hutun a durƙushe a gindin bedi, farcena ya yi baƙi ya faɗi. Ajidan yana ci, ana kuma cin sa, kuma duk ranar da aka ci shi sai ya zura wa cokalin ido har shayinsa ya huce. Yayana ya karɓi kuɗin sabuwar ƙararrawa daga hannun Ajidan ba tare da ya iya cewa na gode ba, don tsoro. Na koma kolej da aka buɗe. Baba bai sake ambaton Bazaga ba, sai dai ƙwallon dabinon yana nan a aljihun Ajidan. In ya tambaye ni sakamakon jarrabawa na fara kewaye-kewaye, hannu kawai yake kaiwa aljihu, ni kuma sai in ji gaskiya tana fitowa da kanta.