Inna Mai Tambaya da Bijimin Auta

Duk wanda ya shiga shagon maganin dabbobi na bakin kasuwar shanu da niyyar ya karɓi kwalba ya juya, to bai san mai shagon ba. Sai ta tsare shi da tambaya: wace dabba ce, kilo nawa za ta yi, tana cin abinci, tana da ciki, me aka riga aka ba ta? Shi ya sa aka laƙaba mata Inna Mai Tambaya.

Asalinta tela ce. Mijinta ne malamin asibitin dabbobi, da ya yi ritaya ya buɗe shagon. Shekara biyu da buɗewa idonsa ya fara dushewa, har ya kai ba ya ganin rubutun jikin kwalba. Ita kuwa karatunta bai wuce firamare ba. Ta lulluɓe keken ɗinkinta da zane, ta biyo shi shago don ta riƙa karanta masa na wata ɗaya ko biyu, kafin a yi masa aikin ido. Aka yi aikin, ba a dace ba.

Da farko sai ta haɗa baƙi ta kira sunan magani a karkace, shi kuma ya yi ta dariya har da riƙe ciki.

"Wannan da kika kira, ko wanda ya haɗa shi ba zai amsa ba."

"To Malam, ai sai ka gyara mini, tunda dariyar ba magani ba ce."

Haka ya yi ta gyara mata. Ya nuna mata cewa babban sunan da ke goshin kwalba laƙabi ne kawai na kamfani, sunan gaskiya yana ƙasa da ƙananan baƙaƙe. Kwalba biyu, ɗaya koriya ɗaya ja, suna iya zama magani ɗaya, wanda ya haɗa wa akuyarsa su ya ninka mata awo bai sani ba. Ta gane mai ƙarfin kashi biyar da mai kashi ashirin ba a zuƙarsu daidai a sirinji. Ta san na tsoka, na ƙarƙashin fata, na jijiya da na ɗura ta baki, ta kuma san maganin ƙwayoyin cuta ba ya taɓa tsutsar ciki ko an ƙarar da kwalbar. Ran da ya ce mata ana gane nauyin saniya daga faɗin ƙirjinta, washegari ta zo da tef ɗin ɗinkinta. Makiyaya suka yi ta yi mata tsiya, wai riga za ta ɗinka wa shanun.

Bayan rasuwar Malam mutane sun ɗauka za ta rufe shagon. Ta gama takaba ta dawo ta share shi ta zauna. Abin da ya fi ƙarfinta ba ta jin kunyar cewa, "Wannan na likita ne, ku kai masa."

A cikin duk abin da ta koya, ba abin da ta riƙe kamar kwanakin da ake jira bayan an yi wa dabba allura kafin a ci namanta ko a sha nononta. Ita ta sa musu suna kwanakin hani. A kansu ne ta saɓa da ƙanenta, autan ɗakinsu, wanda yake kiwon bijimi a bayan gidansa.

Bijimin ya kamu da ciwon huhu. Likita ya duba shi ya rubuta allura mai daɗewa a jiki, Inna ta auna ƙirjinsa ta zuƙa daidai nauyinsa, ta rubuta kwanan wata a jikin kwali ta ba Auta. Kwana uku bayan haka, da hantsi, matar Auta ta shigo shago tana haki. Ta ce mijinta ya tsorata kada bijimin ya mutu a banza, ya kira mahauci.

Inna ta kulle shago, ta ɗauki ma'aunin zafi da kujerarta 'yar tsuguno. Ta tarar mahauci yana wasa wuƙa a gefen turke. Ba ta yi wa kowa faɗa ba. Ta ajiye kujera tsakanin mahaucin da bijimin, ta zauna ta gyara mayafi.

"Yaya, mene ne haka?" in ji Auta.

"Kwana ashirin da takwas aka rubuta. Yau nawa?"

"Yaya, dabbata ce fa."

"Dabbarka ce. Cikin da zai ci naman fa, naka ne? Maganin nan yana nan cikin tsokarsa, wuta ba ta gama kashe shi. Mai jego za ta saya, mara lafiya zai saya."

Auta ya ce in bijimin ya mutu ita za ta ɗauki alhaki. Ta san zai iya mutuwar, kuma wahalar Auta ta shekara guda tana jikin dabbar nan. Ta tashi ta sa ma'aunin zafi, ta jira, ta duba. Zazzaɓin ya sauka. Ta miƙa wa bijimin ɗanyar ciyawa, ya shinshina, ya ja kaɗan ya tauna.

Mahaucin ya dubi Auta, ya dubi Inna, ya mayar da wuƙarsa kube.

"Ni dai ban taɓa tsallake dattijuwa na yanka sa ba," ya ce, "kuma ba zan fara yau ba."

Auta ya shige ɗaki ya bugo ƙofa. Wata biyu bai taka shagonta ba, ko a hanya suka haɗu gaisuwar a taƙaice take. Abin ya yi mata ciwo, don ita ta goye shi, amma ba ta je ba shi haƙuri ba. Matarsa ce ke kawo mata labarin bijimin a ɓoye: yau ya ci dusa, yau ya tashi tsaye, yau ya tsinke igiya ya shiga lambun maƙwabci.

Mahaucin ne ya yaɗa labarin a kasuwa, yana ƙara masa gishiri, har kujerar ta zama tabarma, zaman ya zama na yini guda. Amma tun daga lokacin shi kansa ba ya karɓar dabba sai ya tambayi yaushe rabonta da allura, wasu abokan sana'arsa ma suka ɗauka.

Auta ya dawo wata ranar kasuwa, ya tsaya a bakin ƙofa yana sosa ƙeya, ya ce tumakinsa ne ke zawo. Inna ta matsa masa benci da ƙafa.

"Shigo mana. Ka rame, ba sa ba ka abinci a gidan ne?"

Ya yi dariya, ya zauna.